Da Ƙafafunta Biyu Aka Kai Ummusalma

Sau biyu aka kai mahaifiyar Ummusalma maƙabarta. A karon farko ƙafarta kaɗai aka kai.

Ina wurin ranar. Ciwon suga ya ci yatsun Inna, ya haura idon sawu, har likitoci suka ce in ba a yanke ba zai tafi da ita gaba ɗaya. Da aka gama aikin sai wata ma'aikaciya ta leƙo baranda ta ce, "Ina 'yan uwan tsohuwar nan? Ku zo ku karɓi kayanku." Mun ɗauka zannuwanta take nufi. Ashe ƙafar ce. Gaɓar Musulmi ba a yar da ita, dangi ake ba wa su je su binne. Yayyen Ummusalma maza suka yi cirko-cirko, babu wanda ya tanadi komai. Ita ce ta fita bakin titi ta yanko farin yadi, ta dawo ta naɗe ƙafar da hannunta. Aka sa a bayan mota aka nufi maƙabartar Naraguta. Inna na kwance tana barcin allura, ana can ana haƙa wa ƙafarta rami.

Shekara ba ta zagayo ba aka kai sauran.

Ni sunana Hasiya. Kwanuka nake sayarwa, da farantai da kuloli. Tun muna yara muke tare da Ummusalma a Rikkos, katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Kakanninmu duka haƙar kuza ce ta kawo su Jos. Ajinmu ɗaya, kuma tare muka tsaya a firamare. Da babbar kasuwa ta ƙone a shekarar 2002, shagona ya tafi, rumfarta ta tafi, muka dawo bakin titi a Taminus. Ni na shimfiɗa buhu na jera kwanuka, ita ta kafa tukwanenta a jikin katanga, daidai inda direbobin bas ke jiran layi. In na miƙa hannu ina taɓa bencinta.

Duk wanda ya san Taminus a lokacin ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Doguwa ce, Allah kuma ya yi mata jiki. Kujerar da take zama a kai kafinta ne ya haɗa mata ta musamman, bayan kujerun roba sun yi ta buɗe ƙafafu a ƙarƙashinta. Direbobi suna ce mata Tirela, tana amsawa. In ta tsayar da ɗan acaɓa sai ya fara leƙa tayar baya, ita kuma ta ce, "Kai ɗan nan, tayarka ce ba ta ƙoshi ba, ni na ƙoshi." Ba ta taɓa jin kunyar jikinta ba, mu ma ba mu ga abin kunya a ciki ba. A wurinmu mace in ta cika ta batse, to tana cikin hutu, mijinta ya iya riƙo. Mai abinci kuwa jikinta ne tallarta. Wa zai zauna a bencin ramammiya ya ce a zuba masa tuwo? Da kanta takan bugi damtsenta ta ce wa sabon baƙo, "Ga shaidar miyata nan."

Kuma tana ci, Allah ya ji ƙanta. Ƙanzon shinkafa da man ja da safe. Ganda da kayan ciki tana tsamowa daga tukunya da sunan ɗanɗano har azahar. Lemon kwalba mai sanyi a bayan kowanne. Ni ma ina taya ta.

Akwai wata nas mai suna Ladi, 'yar wajen Bukuru, da takan biyo ta ci abinci in ta tashi aiki. 'Yan watanni bayan rasuwar Inna, tana cikin cin tuwo sai ta ajiye loma ta ce, "Maman Ummi, cire silifas ɗin nan in gani."

"Me za ki gani, Sista? Ƙafa ce irin ta kowa."

Ladi ta durƙusa ta danna yatsa a bayan ƙafar. Wurin ya loɓa, ya ƙi tasowa.

"Kina yawan jin ƙishi? Kina yawan fitsari?"

"Haba Sista, a gaban maza?"

"Su mazan ba su fitsari ne?"

Direbobi suka kwashe da dariya. Ummusalma ba ta yi ba. Idonta na kan ramin da yatsan ya bari.

Washegari na raka ta asibiti aka auna ta. Aka ce jininta ya hau. Suga bai kama ta ba tukuna, amma yana tsaye a bakin ƙofa. Ladi ba ta yi mata ɓoye-ɓoye ba. Ta ce, "In kin rage jiki, kina motsawa, zai iya juyawa ya tafi. In kin ci gaba a haka, ba sai na faɗa miki hanya ba, kin raka Mamanki."

Da muka fito muka tako har layin masu yadi. Nan ta tsaya, ta riƙe hannuna, ta nuna mini bandir ɗin farin yadi da haɓarta.

"Hasiya, kin ga wancan? Ni sau ɗaya za a yanka mini shi. Sau ɗaya za a kai ni, kuma da ƙafafuna biyu. Ke ce shaidata."

Na ce, "Ƙawata, bar wannan magana. Rai a hannun Allah yake."

"Rai a hannunsa yake. Loma kuma a hannuna take."

A ranar ta shiga kasuwar Katako wurin 'yan gwanjo ta sayo takalmin kambas. Babu na mata da ya shige ta, sai na maza ta samu, fari mai jan layi. Da gari ya waye ta ɗaura zani, ta sa safa, ta zura kambas, ta yafa hijabi, ta buga mini ƙofa. Wai daga yau da ƙafa za ta riƙa zuwa Taminus.

Ba mu kai 'Yan Shanu ba ta zauna a kan kwalbati. Sanyin Jos na ratsa ƙashi amma zufa ta jiƙa mata hijabi. Numfashinta kamar ana zuga wutar maƙera. Cinyoyinta sun gogi juna har sun saluɓe. Na tsayar da ɗan acaɓa, ta ɗaga masa hannu ta ce, "Yi gaba, ɗana, ba da kai ba." Ta huta, ta miƙe, ta sake zama, ta sake miƙewa. Rana ta ɗaga sosai kafin mu gangara Dilimi mu ɓullo Taminus. Direbobin da suka gaji da jiran karin kumallo suka hango kambas ɗin.

"La ilaha! Tirela ta sa sabuwar taya!"

"Hajiya, Plateau United ce ta ɗauke ki?"

"Mai tsaron gida za ta yi. In ta tsaya a raga ina ƙwallo za ta bi?"

Ta zube a kujerarta, ta ce, "Ku yi dariyarku da kyau. Gobe ma a shirya wata, don gobe ma haka zan zo."

Haka kuwa ta zo. Ni gwiwata ba ta bar ni na jure kullum ba, wani lokaci sai in hau bas in tarar da ita. Ita ba ta fasa ba, ko ana ruwa. Ta daina lemon kwalba. Ta daina tsamo ganda. Miya sai ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Tuwonta ya koma ɗan dunƙule, sauran wurin ta cike shi da zogale da kabeji da karas, abin da Allah ya hore mana a garin nan muke raina shi. Ƙanzon ne ya fi ba ta wuya. In ta kankare tukunya sai ta miƙo mini, ta juya baya, ta ce, "Ci, ki ba ni labari."

Mijinta, Malam Shu'aibu, direban babbar mota ne, Jos zuwa Legas. Yakan yi makonni bai kwana gida ba. Wata dawowa da ya yi ya tarar zoben hannunta yana juyawa, wuyanta ya fito. Ina tsakar gidansu ina taya ta gyaran ganye ya tsaya a kanta.

"Salma, me na rage ki da shi? Ga shinkafa, ga mai, ga doyar da na sauke jiya."

"Ba ka rage ni da komai ba, Baban Ummi."

"To mene ne wannan? So kike a ce na kasa ciyar da ke?"

"Ka ce musu ni ce na kasa ci."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma. In aka yanke mini ƙafa, kai za ka riƙa ɗaukata zuwa banɗaki, ko masu cewar?"

Ya ɗauki butarsa ya fita.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma wanda bai zauna cikinmu a shekarun nan ba ba zai gane abin da ramar mutum take nufi ba. Mun binne mutane da yawa, samari da matan aure, kuma kusan dukansu da rama suka fara. Ba a kiran sunan ciwon a fili. Sai dai a ce "ciwon zamani", ko a rage murya a ce "ta kwaso". Kanjamau ke nan. Kuma mu ba mu taɓa ganin wanda ya nemi rama da kansa ba. A saninmu rama samun mutum take yi, ba a zuwa nemanta. Ga mace ta zube rabi, ga mijinta direban doguwar hanya. Ranar da ta kwashi rigunanta ta kai wa Sadiat tela a rage mata su, kafin magariba rabin Rikkos sun gama yanke hukunci.

Bencinta ya fara yin fili. Masu ce mata Tirela suka koma gaishe ta daga nesa, suna wucewa wurin mai shinkafar tsallaken titi. Wani ya zo da cokalinsa a aljihu. Wani ya tambaye ni a ɓoye ko ita ce ke yanka naman da hannunta. Sai ta tuƙa tuwo da safe, la'asar ta yi ta kwashe fiye da rabi ta koma da shi gida. Da na kasa haƙuri na faɗa mata abin da ake cewa, ta ce, "Na riga ki ji."

Ita da Malam Shu'aibu sun je an duba su, don ita ta ce tana son ta san inda take tsaye. Ba su da komai. Na yi murna har da guɗa. Na ce, "Shi ke nan! Mu kira Sista Ladi ta zo tasha ta faɗa a gaban kowa."

Ta ce, "A'a."

"A'a kamar yaya?"

"In na tsaya ina rantsuwa ba ni da shi, na yarda ke nan mai shi abin gudu ne. Kin manta 'yar gidan mai itace? Ni na riƙa kai mata kunu har ta cika, babu abin da ya same ni. Kuma ko Sista ta faɗa, gobe za su ce sayenta na yi. Ba zan bi bakin kowa da tsintsiya ba."

Hanyar kashe maganar guda ɗaya ce, kowa kuma ya san ta. Ta ci ta mayar da jikinta. Yayyenta suka zo har gida suka faɗa mata haka. Malam Shu'aibu ma ya faɗa, kuma nasa ya fi ciwo, don ba da faɗa ya zo ba. A tasharsu mai shayi ya ware masa kofi. Abokansa sun daina aron butarsa. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ya ce, "Salma, ko kaɗan ne ki mayar. Wata biyu kawai ki ci yadda kika saba. In suka ga kin murmure za su yi shiru."

Na ga hawaye a idonta, don tana son mutumin nan. Sannan ta ce, "Baban Ummi, ka yafe mini. Da hannuna na naɗe ƙafar Inna, har yau ina jin nauyinta a nan. In ci in kumbura don mai shayi ya ba ka kofi? Kofin zan saya maka."

Ana cikin haka 'yar Atine ta haihu. Atine maƙwabciyarmu ce, ita ce shugabar ƙungiyarmu ta matan layi, mu da muke yin anko tare, muke haɗuwa a kowane biki da suna. Kafin ranar sunan ta zo shimfiɗata ta ɗaga wannan ta ajiye wancan, ta zaɓi wani ɗan ƙaramin kwano kore mai murfi, guda ɗaya tak. Na ce, "Atine, ke da ake taro a gidanki, kwano ɗaya?" Ta ce, "Na wata baƙuwa ne." Na naɗe mata a jarida.

Mu a taro ba ma cin abinci ɗai-ɗai. Babban faranti ake ajiyewa, a kewaye shi, kowa ta sa hannu ta gabanta. Da wa kike haɗa hannu, shi ne matsayinki a unguwa. Mu 'yan ƙungiya farantinmu ɗaya tun muna amare. Ranar sunan muka zauna a tabarma cikin ankonmu, aka kawo farantin shinkafa da miya aka dire a tsakiya. Muna wanke hannu sai ga Atine da koren kwanon nan. Ta ajiye shi a gaban Ummusalma, ɗan nesa da farantin, da kofin ruwa daban.

"Maman Ummi, ga naki. Na ji an ce yanzu ba kya cin maiƙo."

Kwanona ne, da hannuna na naɗe shi.

Ummusalma ta ɗaga murfin a hankali. Shinkafar ce dai, miyar ce dai, mai yana kwance a kai. Ta dubi kwanon, ta dubi farantin.

"Atine, tsakanin wannan da wancan, wanne ne marar maiƙon?"

Har matan da ke ɗaya tabarmar suka juyo suna kallo.

Atine ta ce, "Ai ni don lafiyarki na yi."

"Don lafiyar wa?"

Atine ta kama gyaran ɗankwali. Ummusalma ta miƙa hannun dama cikin babban farantin, ta gabanta, yadda ta saba. Ta dunƙula loma ɗaya ta kai baki, ta tauna ba gaggawa, ta haɗiye. Sannan ta miƙe tsaye. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Matar da a da sai mutum biyu sun kama ta take tashi daga tabarma, ta miƙe ko ƙasa ba ta dafa ba.

Ta ce, "Na ci rabona a inda na saba ci. Mai jin tsoro ta tsame hannunta, ba zan riƙe ta a zuciya ba. Amma ku saurare ni, don ba zan maimaita ba. Da yawanku kun zo gaisuwar Inna, kun ga yadda aka kai ta guntu-guntu. Ni ba za a kai ni haka ba. Jikin nan ni na sauke shi, da gangan, kuma ban gama ba. Abin da kuke faɗa a bayan idona, ko da shi ne, haka za ku yi mini? Ku ware mini kwano a gidan suna?"

Wasu suka janye hannuwansu suka ɓoye a cikin gyale. Wata tsohuwa, gwaggon mai jego, ta ce, "Ni dai yunwa nake ji," ta ci gaba da cin abincinta daga daidai inda Ummusalma ta ɗiba. Ni ma na sa hannu.

Ummusalma ta sunkuya ta ɗauki koren kwanon, ta juye shinkafar a kwanon yara, ta ɗaga shi sama tana juya shi.

"Wannan kuwa na gode, Atine. Daidai cikina ne. Da ma ina neman abin awo."

Ta sa shi a hammata, ta leƙa ta yi wa mai jego barka, ta zura kambas ɗinta a bakin ƙofa ta tafi.

Daga ranar har ƙarshen rayuwarta a kwanon nan take cin abinci. Ba a ɓoye ba. A Taminus, a kan kujerarta da yanzu ta yi mata yawa, a gaban kowa. Abin da kwanon ya ɗauka shi ne cinta, ba ƙari. In an gayyace ta biki da shi take zuwa a jaka, ta ɗiba daga farantin taro ta zuba a ciki, ta zauna a tsakiyar mutane.

Kada a ce daga nan komai ya gyaru. Bai gyaru ba. Damina guda ta yi bencinta kusan babu kowa. Ta rage tukwane, ta sayar da babbar. Mutane suna jiran ranar da za a ce ta kwanta. Ita kuma kullum da safe hanyarta ta ƙofar gidan Atine take bi, ko da yake akwai wadda ta fi kusa. Sai ta tsaya ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji: "Atine, ina kwana? An tashi lafiya? Ni ma ban mutu ba tukuna!" Ta wuce abinta.

Lokaci ne ya yi mata shari'a. Shekara ta wuce, wata ta bi. Wanda ake jira ya faɗi ba ya haura tudun Dilimi da buhun kabeji a ka. Fatarta ta yi kyau, idonta ya washe, kumburin ƙafa ya tafi. Sista Ladi ta haɗa ta da matan da ke kawo acca daga ƙauye, ta fara yin gwate, faten nan mai ganye, da tuwon acca don cin kanta. Wata rana wani direba, Idowu, mai tumbi kamar ya haɗiyi tulu, ya zo ya zauna a ƙarshen benci yana waige-waige. Ashe an auna shi an ce suga. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Hajiya, a zuba mini irin na koren kwanon nan."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Oga Idowu, ka zo da cokalinka?"

Ya sunkuyar da kai. Shi ne mai cokali a aljihu.

"Zauna da kyau, wasa nake. Amma ba ƙari, ka ji? Kuma gobe a gida za ka bar mashin ɗinka."

Bayansa wasu suka biyo, masu hawan jini, masu ciwon gwiwa, matan da likita ya tsorata. Ni kuma ƙananan korayen kwanukan da suka daɗe suna shan rana a shimfiɗata suka ƙare. Sai mutum ya zo ya ce, "A ba ni kwanon Tirela." Sunan bai bar ta ba. Direbobi suka ce tirela ce dai, kaya kawai ta sauke. Malam Shu'aibu ma in yana gari sai ya biyo ta da safe, yana baya yana haki yana mita, wai shi da ke tuƙa mota mai taya goma sha takwas ba a taɓa wahalar da shi haka ba.

Ba kowa ne ya dawo ba. Atine ba ta taɓa ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Sista Ladi tana auna ta lokaci-lokaci. Jinin ya sauka. Sugan da ke bakin ƙofa bai shigo ba, har ta bar duniya.

Da zafin shekarar 2009 aka yi ta fama da sanƙarau. Wata ranar Talata tana cikin kwasar tuwo ta ce mini kanta na sarawa. Da yamma wuyanta ya ƙi juyawa. Muka kai ta asibiti, aka yi abin da za a iya. Ba ta kai Juma'a ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Matar da ta yi shekaru tana kokawa da abin da ta hango, abin da ba ta hango ba ne ya ɗauke ta cikin 'yan kwanaki. Ba ni da abin cewa a kan wannan. Allah ya fi mu sani.

A wurin zaman makoki na ji wata a bayana tana raɗa, "Ai da ma tun da ta rame ɗin nan." Ban juya na ga ko wace ce ba. Amma saboda ita na zauna na rubuta wannan, ni da rabona da dogon rubutu tun firamare. Ummusalma ba ta yarda ta bi bakin kowa ba, kuma ba binsa nake ba. Abin da aka sa ni shaida a kai nake faɗa.

Ni da wata gwaggonta muka yi mata wanka. Da muka zo ƙafafu na ce wa gwaggo ta bar mini. Na fara da ta dama. Dunduniyar ta yi kaushi ta tsattsage saboda tafiya. Sha-raɓar ta yi tauri kamar ta ɗan dako. Farcen babban yatsa ya yi baƙi inda kambas ke matsa shi. Na bi tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya da ruwa, babu gyambo, babu ko ƙwarzane. Na koma ta hagu, ita ma haka. Na riƙe su duka biyun a hannuna na kasa saki, sai da gwaggo ta taɓa kafaɗata ta ce maza na jira.

Aka shigo da likkafani. Sabon yanka ne, daga layin nan da ta tsayar da ni. Muka naɗe ta tun daga kai har tafin ƙafa, muka ɗaure. Kafin mu buɗe ƙofa na sunkuya daidai kunnenta na ce, "Ƙawata, na gani. Duka biyun suna nan."

Mu mata ba ma bin gawa. A bakin zaure na tsaya har motar ta sha kwana ta nufi Naraguta. Sau ɗaya aka kai ta.

Ya Allah ka yafe mata, ka sanyaya makwancinta, ka tsayar da ƙafafun nan a kan siraɗi yadda ta tsayar da su a duniya.

Malam Shu'aibu ya aiko mini da koren kwanon. Bakinsa ya ɓantare, murfin ya lotsa. Yana nan a gefen shimfiɗata a Taminus, ba na sayarwa ba ne. A ciki nake cin abincin rana. Da safe kuma, in gwiwa ta yarda, ta ƙofar gidan Atine nake bi.